Mazaunin Baba a Gindin Jirgi

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da kuka fi iyayenku baki, na san abin da kuke faɗa idan na ba da baya. Kuna cewa tsoho ya sami aikin gareji a Kano tun Turawa ba su tafi ba, ya ƙi zuwa don tsoron birni, ya zauna yana fiton mata da buhuna a kan tafki kamar wanda ba shi da sana'a a hannu. Kuna kuma dariyar bargon da nake naɗe cinyar hagu da shi ko a tsakiyar bazara, har wata mai bakin tsiya a cikinku ta sa mini suna mai rabin sanyi. To ku zauna ku ji. Maganar Kano da maganar bargo duk abu ɗaya ne, ban kuwa taɓa ba da shi daga tushe ba, don mahaifiyarku Hajara, Allah ya jiƙanta, ba ta son a tayar da shi.

Kwarin nan da ke tsakanin garinmu da Gagarawa Tasha, wanda yau kuke shuka riɗi a cikinsa kuna ratsa shi da babur, ba haka yake ba a da. Shekarun nan ruwan sama ba ya wasa. Tun tsakiyar damina kwarin yake cika ya zama tafki, ba ya janyewa sai an gama cire gyaɗa an daɗe, wanda kuwa ya ce zai zagaya da jaki to ya yi sallama da yininsa. Tafkin Kanya ake ce masa, saboda wasu itatuwan kanya da suka mutu a tsaye a tsakiyarsa, daidai inda ya fi zurfi. Mutanenmu manoma ne, ba su san ruwa ba sai na tulu. Mahaifina ne ya zo daga ƙasar Haɗejia, daga gidan masunta, da ɗan kwale-kwalensa, ya zama shi ne mai fiton garin. Baba ba boka ba ne, kada wani ya fita ya ce na ce. Salla ba ta wuce shi, bai taɓa yanka wa ruwa ko kaza ba. Amma yana da ƙa'ida guda da ya gada, wadda ba ya karyawa ko za a yanka shi: ba a barin gindin jirgi babu kowa. In yana tuƙi, yana can zaune a baya da filafili a hannu. In ya ɗaure jirgin a gaɓa, sai ya cire malafarsa ya kifa ta a kan katakon da yake zama, ya tafi gida rana na dukan kansa. In kuma ya zo gilma kanyoyin nan, sai ya sassauta murya ya ce, salamu alaikum masu gida, wucewa za mu yi. Na taɓa tambayarsa dalili.

"Ruwan nan da mai shi," in ji shi. "Shi ma yana sha'awar tuƙi kamar kowa. In ya ga wurin da mutum, hannunsa a kan aiki, sai ya ƙyale. In ya ga wuri a sake, ai ka san halin baƙo da tabarmar da aka shimfiɗa."

Ni ban gaji filafili ba, sifanar kanikanci na ɗauka. A gindin manyan motocin gyaɗa na koyi aiki a Tasha, na ƙara da 'yan shekaru a Kano wajen wani maigidana mai gareji, na dawo gida na yi aure. A shekarar da nake ba ku labari maigidan nan ya aiko cewa in kaka ta yi in tattaro iyalina in koma, zai ba ni riƙon garejin don ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Hajara ta riga ta gama ɗaure kwanukanta tun gero bai fitar da kai ba. Ana cikin haka sai ga Alhaji Gambo, babban mai sayen gyaɗa a yankinmu, ya sauke kaya daga wagunun jirgin ƙasa: jirgin ruwa na katako mai faɗin gindi, da inji a cikin akwati, irin wanda ake rataya wa jirgi a baya. Wani Bature mai harbin agwagwa a wajen Nguru ne ya sayar masa zai koma ƙasarsu. A cikin akwatin har da sitiyari, da wayoyin ƙarfe a nannaɗe, da wani ɗan akwatin ƙarfe mai hannu biyu, da batir. Alhaji ya kira ni.

"Habu, so nake a tuƙa shi daga gaba kamar motata. Ilu direbana zai zauna a kan sitiyari, ba mai zuwa baya yana shan hayaƙi. Za ka iya?"

Wane makanike ne zai ce ba zai iya ba? Wallahi na ji daɗin aikin nan, ba zan ɓoye muku ba. Na rataya injin a katakon baya na ɗaure shi da kusoshi masu noti. Na kafa sitiyari a gaba, na ja wayar ƙarfe daga jikinsa ta bi gefen jirgi na dama da na hagu, ta kan 'yan ƙafafun ƙarfe masu juyawa, har ta kama kunnuwan injin, yadda in ka murza dama injin ya karkata dama. Ɗan akwatin mai hannu biyu na kafa shi kusa da gwiwar direba, hannu ɗaya na totur, ɗaya na giya, kowanne da kebur ɗinsa zuwa baya. Sai wayoyin wuta: biyu masu kauri daga batir, sirara zuwa makulli, da wata guda wadda ita ce ke kashe injin in an murɗa makullin baya. Kowace mahaɗa na naɗe ta da ƙyalle na shafe da kwalta don kada ruwa ya shiga. Hannun injin na asali, wanda ake riƙewa a tuƙa daga baya, ban cire shi ba, na ɗaga shi sama na ɗaure da igiya saboda ko ta kwana. Abu ɗaya ya rage, inda batir da tankin fetur za su zauna, wayoyin kuwa gajeru ne. Sai na ɓamɓare katakon zama na baya, na ajiye tanki a gefe, na ƙera wa batir akwatin katako mai murfi. Baba yana zaune a kan kututturen wani mataccen icce yana kallona tun safe.

"Wa zai zauna a nan?" ya tambaye ni.

"Ba kowa, Baba. Ai amfanin abin ke nan."

"Amfanin wa?"

Na ci gaba da buga ƙusoshina. Ranar gwaji mu uku muka shiga, ni da Alhaji da Ilu, gari kaf yana gaɓa. Baba ya tako cikin ruwa har gwiwa, ya cire malafarsa ya kifa a kan murfin batir. Alhaji ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, ya ɗauke ta ya miƙa masa.

"Haba Malam, iska za ta ɗauke maka ita. Wannan ba irin naka ba ne, gudu yake."

Ilu ya murɗa makulli, inji ya tashi bugu ɗaya, mata suka yi guɗa. Rana tana tsaka, ruwa lumui kamar an shafa masa mai. Mun yi nisa, kanyoyi suna hannunmu na hagu, sai na ji gindin jirgin ya nutsa, goshinsa ya ɗaga. Ba irin ɗagawar da totur ke sawa ba, wannan na san ta. Irin wadda jirgi ke yi ce in ƙato ya tako ya zauna. Na waiwaya, ba kowa sai inji yana ta aikinsa. Ilu ya ce, kai Habu, sitiyarinka yana faɗa da ni. Na kai hannu na taya shi, na ji abin yana ja hagu, ba da fizga ba, a hankali, kamar wanda ya san inda za shi. Na murɗa makulli baya da hannuna. Inji bai mutu ba. Na zare makullin ɗungum na riƙe shi a tafina ina kallo, inji yana ta tafiya da mu, har ya kai mu tsakanin kanyoyi biyu, sannan ya yi shiru don kansa. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, ko kwaɗo ba ya motsi. Alhaji yana ta jan inna lillahi. Da na rarrafa baya, sai na tarar igiyar da na ɗaure hannun injin da ita ta kwance, hannun ya sauko, murfin akwatin batir kuwa a jiƙe yake sharkaf alhali tankin da ke gefensa a bushe ƙamas.

Kada wani ɗan makaranta a cikinku ya buɗe baki, na san abin da zai ce. Zai ce wayar kashewa ce ta saki, zai ce ciyawa ce ta naɗe farfela ta ja mu gefe, zai ce girgiza ce ta kwance igiya. Ni na fara faɗar haka, tun ba a haifi ubanku ba. Na kwance komai na sake ɗaurawa, na canja wayar kashewa, na ƙara wa ta sitiyari tauri. A gaɓa sai abu ya yi aiki kamar agogo. Alhaji kuwa gyaɗa ta fara shigowa, ba shi da lokacin tsoro, ya ce a fara jigila. Da safen farko muka tarar da Baba ya riga kowa, yana zaune daram a kan murfin batir. Ba wanda ya ɗauke shi aiki, ba wanda ya iya tashinsa. Tun daga ranar kowane sawu da shi ake yi, hannuwansa a kan gwiwa, hayaƙi yana bugun fuskarsa, in an zo kanyoyi ya yi sallamarsa. Jirgi ya daina kai mutane cikin itatuwa, sai dai Ilu kullum yana sauka yana matsa kafaɗa, yana cewa kamar da bijimin sa ya yini yana kokawa.

Baba kuwa ya fara ƙarewa a kan idonmu. Mutumin da ke cinye malmala biyu ya koma sai ya taɓa tuwo ya ture. Wandonsa ta gefen hagu kullum a jiƙe, ko ranar da ba a yi feshi ba. Inna, mahaifiyata, ta gasa masa ƙafar da ruwan zafi, ta shafa man shanu, ta sa aka yi masa rubutu ya sha, cinyar nan tana nan kamar randar da ta kwana a waje. Wata rana da la'asar ina cin abinci a zaure na ji ta daga tsakar gida, da garu take magana amma da ni take. Kun san ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana.

"Wani ya ɗaura abinsa ya ji daɗi, zai hau jirgin ƙasa ya tafi birni. Tsoho kuwa a bar mini shi in wanke."

Hajara tana jin ta, ta ci gaba da daka, amma na ji taɓaryar ta ƙara nauyi. Na shiga ɗakin Baba na durƙusa, na ce don Allah ya bar zaman nan, in ma mutum ake so a wurin a samo wani mai ƙarfi.

"Wa zan tura wa ɗan wani abin da ya fi ƙarfina?" in ji shi. "Mu biyu ne a wurin, Habu, wurin kuwa na mutum ɗaya ka ƙera. Kullum sai ya ɗan ƙara matso ni."

"To ba ga ka a zaune ba? Ai ka ce in ya ga mutum yana ƙyalewa."

"Na ce in ya ga mutum hannunsa a kan aiki. Ni me ke hannuna? Fasinja ne ni kamar buhun gyaɗa. Da ka bar mini filafili da na san abin faɗa masa. Wannan ƙarfen naka ban san yarensa ba."

Na je wurin Alhaji na ce a cire sitiyari a koma tuƙi da hannu daga baya. Ya ce Ilu ya rantse ba zai zauna a bayan nan ba ko za a ba shi motar kyauta, ba kuma wani a garin da ya san inji sai ni, ni kuwa ga ni da ƙafa ɗaya a Kano. Gaskiya ya faɗa. Na koma gida raina a jagule. Ina son Baba, ina kuma son garejin nan kamar raina, na gaya wa kaina cewa ruwa ya kusa janyewa, tsoho zai jure ɗan abin da ya rage.

Ranar tafiyarmu ta zo daidai da cin kasuwar Tasha. Jirgi ya cika da buhuna da mata masu tallan daddawa, Hajara tana tsakiya a kan akwatinmu da cikin yayanku na fari, ni ina gaba kusa da Ilu da jakar kayan aikina a cinya. Baba sai da aka riƙe shi ya shiga, amma ya shiga. Rana tana tsaka muka taso don mu riski jirgin ƙasa mai zuwa Kano. Muna dosar kanyoyi na kasa kunne in ji sallamarsa, ban ji ba. Sai gindin jirgi ya nutsa. Sitiyari ya kuɓuce daga hannun Ilu ya juya hagu shi kaɗai, Ilu ya murɗa makulli, inji ko a jikinsa. Mata suka fara salati. Na waiwaya ta saman kawunansu, abin da na gani har gobe yana idona. Baba ya karkace zuwa dama, rabin jikinsa ya bar murfin, hannunsa ɗaya yana jan ruwa, kansa ya langaɓe, yana zamewa kaɗan-kaɗan kamar wanda ake turewa da kafaɗa daga kan benci. Rabin murfin da ya bari kuwa ruwa ne ke tsiyaya daga kansa.

Ban san yadda na tsallake buhunan nan ba, an ce na taka wata tsohuwa a hannu, ta yafe mini daga baya. Na cafki rigar Baba na jawo shi cikin jirgi na kwantar a kan gyaɗa. Na zaro filaya na datse wayar sitiyari ta dama, na datse ta hagu, na fizge kebur ɗin totur da na giya daga jikin inji, aikin da na yi kwana da kwanaki ina ƙawata shi. Sannan na zauna a kan murfin nan na kama hannun injin, wanda na tarar igiyarsa ta sake kwancewa. Sanyi ne da shi kamar ƙarfen guga da asuba, yana kuma da nauyin da ba nasa ba. Daga kafaɗata ta hagu har gwiwa na ji wani abu ya jingina da ni, jiƙaƙƙe, mai nauyi, ba ya numfashi. Ban kalli wajen ba. Kanyoyi sun matso har ina ganin farin kashin tsuntsaye a rassansu. Sai na ce,

"Salamu alaikum masu gida. Ni ne ɗansa. Aikin a hannuna yake yanzu, wucewa za mu yi."

Ba abin da ya faru da farko. Can sai na ji hannun ya yi sauƙi kaɗan, na tura shi, goshin jirgi ya kauce, reshen kanya ya goge mu a gefe ya wuce. Gindin jirgin ya ɗan taso, amma bai taso duka ba. Muna isa gaɓar Tasha jirgin Kano yana busa. Hajara ta dubi hayaƙinsa, ta dubi Baba a kwance, ta dube ni a inda nake zaune, ta fahimci ba zan tashi ba. Hawaye suna zuba ta ce wa Ilu ya bar akwatin inda yake, kada ya sauke. Ta yi fushi da ni har ta haihu, ba ta kuma taɓa cewa na yi kuskure ba. Maigidana na Kano ya jira ni ya gaji ya ba wani garejin. Alhaji ya yi faɗan wayoyinsa na yini ɗaya, kashegari ya aiko a tambaye ni ko zan riƙe jirgin. Na mayar da katakon zama inda na ɓamɓare shi, na sa shi da faɗi, na sayi malafa. Haka na yi ta fito kowace shekara har ruwan sama ya ja baya, tafkin ya ƙafe bai sake dawowa ba.

Baba ya tashi. Kafin sati ya zagayo ya nemi tuwo da kansa, ya rayu har ya yi wa huɗu daga cikinku huɗuba a kunne. Ranar da ya fara fita, ya dogara sanda ya zo gaɓa ya jira ni na dawo daga sawun azahar. Na ɗaure jirgi, na kifa malafa, na hauro. Ya matso kusa da ni. Ya sunkuya ya ɗora tafinsa a cinyata ta hagu, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya kama hannuna ya ɗora a tasa cinyar, na ji ta da ɗumi kamar ta kowa.

"Bai sauka ba ke nan," in ji shi.

"Bai sauka ba, Baba. Amma ya matsa mini."

Ya juya fuska wajen ruwa don kada in ga idonsa. Ni kuwa ban taɓa yin da na sani ba, ko sau ɗaya. Saboda haka in kun ga na jawo bargo rana tana tsaka, ku bar dariya ku miƙo mini shi da kyau. Sanyin kakanku ne nake riƙe masa.